Aska takwas: ta Nufawa ce ko ta Hausawa?

Wani matashin tela daga Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ya aiko da tambaya bayan gardama ta kaure a shagon maigidansa ana tsakiyar ɗinkin Sallah. Wani dattijo ne ya kawo tsohuwar babbar riga a sake mata shafi, ya ce musu aikin da ke ƙirjinta, wato aska takwas, na Nufawa ne, Hausawa ara suka yi. Yaran shago suka ce atafau ba su yarda ba.

Dattijon yana da hujja. A 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin yake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Duk da haka ya lura cewa a kasuwar Kano ɗin ana kawo riguna daga Nupe, ana kuma ji da su. Wannan fa tun kafin Bida ta zama babban birnin masarautar Nupe, abin da bai faru ba sai wajen 1857. Sunayen da kakanninmu suka bari ma shaida ne: girken Nupe da unguwar Tudun Nufawa a cikin birnin Kano. S. F. Nadel, wanda ya fitar da littafinsa kan Nupe a 1942, ya tarar ɗinki da surfani a Bida sana'a ce da malamai da 'ya'yan sarauta ba sa jin kunyar yi.

Masu cewa ta Hausawa ce su ma ba a banza suke magana ba. Sunayen zanen da aka fi sani da su, aska biyu, aska takwas, tambari, duk Hausa ne. David Heathcote, wanda ya koyar a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma kammala digirinsa na uku kan surfanin tufafin Hausawa a 1979, ya nuna yadda sana'ar ta yi jijiya a tsakanin malamai da almajirai. Hannun da ya saba zana zayyana a allo da hatimi a takarda, shi ne yake ɗora zane a kan riga.

Ni dai na fi karkata ga ra'ayin Colleen Kriger, wadda ta yi rubutu a 1988 kan rigunan Daular Usmaniyya. A ganinta, daular ce ta haɗa masaƙa, marina da maɗinka na Kano, Zazzau, Nupe da Ilori a kasuwa ɗaya, sarakuna kuma suna ba da riga kyauta ga wanda suka naɗa ko suke son girmamawa. Rigar da ta fito daga hannun Banufe za ta iya ƙarewa a jikin hakimi a ƙasar Zazzau, maɗinkin gidansa ya ga zanen ya ɗauka. Kuma kada a ɓoye ɓangaren da ba daɗin ji: cikin masu sana'ar da suka zo arewa akwai waɗanda yaƙi da bauta suka kawo, ba fatauci ba. Saboda haka Nufawa suna da babban kaso a wannan aiki, wataƙila ma su ne gwanayen farko, amma zanen da muka gada ya ratsa hannaye da yawa kafin ya tsaya a siffar da muka sani.

A duba rigar kanta. Masaƙi ne ya saƙa ƙyallen sirara-sirara, faɗin 'yan yatsu. Maɗinki ya jera su ya haɗa da allura, ɗaya bayan ɗaya, har riga ta yi faɗin da za ta rufe hannuwa biyu a miƙe. Mai zane ya fitar da askake masu tsini a kan babban aljihun da ke ƙirjin hagu, ya kewaya tambari a dama da kuma baya. Sannan mai surfani ya zauna da zaren tsamiya yana cike zanen da ƙananan idanu, wani lokaci wata da watanni. Daga ƙarshe mabuga su buge ta a kan gungume har ta yi sheƙi. Ba mutum ɗaya da zai ce shi ya yi ta.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a kusa da mu, a birnin Zariya. Surfanin riga a da aikin maza ne. Da injin surfani ya shigo, maza da yawa suka koma kansa saboda sauri, daga wajen shekarun 1970 kuma matan aure a cikin gidajensu suka karɓi allurar. Dawowar mulkin farar hula a 1979 ta ƙara wa babbar riga kasuwa, don 'yan siyasa sun rungume ta. Mai bincike Elisha Renne ta bi diddigin wannan sauyi, ta kuma taimaka aka kafa ƙungiyar mata masu surfani mai sunan Sarauniya Amina a 1994. Da ba don waɗannan mata ba, da aikin hannu ya yi rauni ƙwarai a Zazzau. Har yau mai neman rigar hannu daga Hunkuyi, Makarfi ko Ikara galibi Zariya yake dosa.

Saura kuwa mai karatu ya sani. Keken Singer, wanda aka yi wa rajista a Amurka a shekarar da Barth ya shiga Kano, ya bazu har ƙauyuka, Butterfly ta Sin ta biyo baya. Masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957 ta rufe a 2002, shaddar Getzner ta Ostiriya ta zama abin nuna isa, yanzu kuma injin kwamfuta yana fitar da aska takwas cikin yini guda.

Koyon sana'ar ne bai canza sosai ba. Uba ya kai yaro wajen maigida, ya fara da shara da hura gawayin dutsen guga, ya koma sa maɓalli da kalmasa, ya taka keke a kan takarda har layinsa ya miƙe, sannan a ba shi wandon yara. Almakashi ne ƙarshe, domin shaddar mutane ba abin gwaji ba ce, kuma wasu iyayen gida suna jan ƙafa kan yanka don kada yaro ya tashi da wuri. Nan ne damuwata take. Ana yaye yara sun gwanance a kaftani da jamfa, amma da yawansu ba su taɓa yanka babbar riga ba, ba su san inda aljihu zai zauna don askake su sauka daidai a kafaɗa ba. Hunkuyi ba ta da nisa da Zariya, kuma masu wannan ilimi, maza da mata, suna nan da ransu. Ƙungiyoyin teloli na Kudan, Makarfi da Ikara za su iya tura yaran da suka kusa yaye su yi ko wata uku a wajensu bayan Babbar Sallah, lokacin da aiki yake ja baya a shaguna.