Sudanonautes: ƙaguwar rafi da yadda masana ke rarrabe ta

Ƙaguwar da ake gani a rafukan Nijeriya ta tsakiya, ciki har da yankin Keffi a Jihar Nasarawa, galibi ta fito ne daga rukunin da masana ke kira Sudanonautes. Bajamushen masani Richard Bott ne ya raɗa wa rukunin wannan suna a 1955, kuma yana ƙarƙashin dangin Potamonautidae, wato ƙaguwoyin ruwan daɗi na Afirka. A bakin Bahaushe duk sunansu ƙaguwa, amma nau'o'in rukunin sun kai goma ko fiye.

Ƙafafunta goma ne. Biyun gaba su ne masu kama da awartaki, da su take kamun abinci da kare kai, kuma a jikin namiji ɗaya kan fi ɗaya girma. Sauran takwas na tafiya ne. Ƙwarya mai tauri ta rufe kai da ƙirji, faɗinta ya fi tsawonta, ciki kuwa a naɗe yake ta ƙasa: siriri a jikin namiji, faffaɗa a jikin tamata.

Launi da girma kan yaudari mai kallo. Abin da masana ke dubawa shi ne gefen ƙwaryar. Tsakanin kusurwar ido da haƙorin da ke bayanta akwai wani ɗan ƙaramin haƙori, wanda rukunin Potamonautes ba shi da shi. Idan kuma ana son tantance nau'i, sai a ɗaga cikin namiji a duba siffar gaɓar barbararsa ta farko, domin ta fi kowace alama tabbas. Da irin wannan bincike Neil Cumberlidge ya bayyana nau'in kagoroensis a 1991, wanda ya ci sunan Kagoro a Jihar Kaduna, sannan ya fitar da littafi kan ƙaguwoyin ruwan daɗi na Afirka ta Yamma a 1999.

Ba kamar ta teku ba, tamatar takan yi ƙwai manya marasa yawa, ta riƙe su a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe da cikakkiyar siffar ƙaguwa. Nau'in monodi na yankin arewa ma yana iya shaƙar iska, ya kuma yi zaman rani cikin rami.

Rarrabewar ba aikin ɗakin karatu kaɗai ba ce. Wasu nau'o'in, kamar africanus, suna ɗauke da tsutsar huhu ta Paragonimus, wadda ke shiga jikin wanda ya ci ƙaguwar da ba ta dahu sosai ba. Takan jawo tari mai jini, har a zaci tarin fuka ne. An ga yawaitar cutar a gabashin Nijeriya bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da yunwa ta sa jama'a cin ƙaguwa. Dafuwa sosai tana kashe tsutsar.