Aikatau *give up* na Ingilishi da *opgeven* na Holanci: Nazarin Ƙira da Ma'ana

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta *give up* na Ingilishi da takwaransa *opgeven* na Holanci, harshen ƙasar Holan da arewacin Beljiyam. Ta nuna cewa tarayyarsu ta tsaya ne a ma'anar barin abu, yayin da Holanci ya bunƙasa wani reshe na miƙa bayani ga hukuma, wanda ke yawan rikita masu fassara.

Ƙira

Harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, daga reshen yamma na dangin harsunan Jamusawa. *Give* da *geven* duk bayarwa suke nufi, *up* da *op* kuma sama. A Ingilishi 'yar rakiyar, wato *up*, tana bin bayan aikatau, wakilin suna ya ratsa tsakaninsu: *give it up*. A Holanci kuwa ana rubuta su a haɗe, amma sukan rabu a jimla: *Ik geef het op*, wato na haƙura. Idan ganga dogarau ce sai su sake haɗewa a ƙarshe, *dat ik het opgeef*. Da irin wannan hujja Jan Koster ya kafa ra'ayinsa a 1975, cewa ainihin mazaunin aikatau a Holanci ƙarshen jimla ne.

Ma'ana

Inda suka yi canjaras shi ne yanke ƙauna da janye jiki. Ɗan tseren da ya gaza, ko likitan da ya fid da rai da majinyaci, duk harsunan biyu da wannan aikatau suke bayyana shi. Ko a nan ma akwai ɗan saɓani. Baturen Ingila zai yi amfani da *give up* ga barin taba, mutumin Holan kuwa bakinsa ya fi sabawa da *stoppen met roken*.

Daga nan hanya ta rabu. A Holanci mutum yakan *opgeven* sunansa da adireshinsa, ko kuɗin shigarsa a ofishin haraji. Malami ma yakan *opgeven* aikin gida, daga nan ne sunan *opgave*, aikin da aka ɗora wa ɗalibi, ya fito. Babu bari ko gazawa a cikin waɗannan, bayarwa ce zalla.

Wurin da tarkon ya fi kamu shi ne sigar da aiki ke komawa kan mai yinsa. *Give oneself up* miƙa kai ne ga 'yan sanda ko abokan gaba. *Zich opgeven* kuwa, wanda ya yi daidai da shi kalma da kalma, rubuta suna ne don shiga kwas ko gasa. Wanda ake nema ruwa a jallo, idan ya kai kansa caji ofis a Amsterdam, *zich aangeven* ya yi. Sojan da ya ajiye makami kuma *zich overgeven*. A ganina ƙamusun harshe biyu da zai sa *give up* a sahun farko ba tare da ware wannan siga ba ya bar mai koyo cikin duhu.

Abin sha'awa, masu koyon kansu suna ɗari-ɗari da kamannin. Binciken Hulstijn da Marchena na 1989 ya gano cewa ɗaliban Holan masu koyon Ingilishi ba sa gudun irin waɗannan aikatau gaba ɗaya, sai dai sukan kauce wa waɗanda suka ga sun cika kama da na harshensu, don tsoron kada a ce Holanci suke yi da bakin Ingilishi.