Yadda tsaron sadarwa ya same mu a Jigawa

Mu da muka shiga aikin kwamfuta a zamanin Gwamna Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, haɗa layi muka koya. Cibiyar Informatics ta Kazaure tana yaye mu, kamfanin Galaxy yana kafa faranti a Dutse, burinmu duka shi ne intanet ta iso. In ta iso, an gama. Maganar masu kutse ba ta taso ba, domin abin da za su sata bai taru ba tukuna. Na ga ofishin da kalmar sirri ɗaya ta ishi ma'aikata duka, an rubuta ta a takarda an manna a jikin bango, kuma ba wanda ya ga aibun hakan.

Abin ya sauya ne lokacin da kuɗi suka hau layi. Albashi ya koma banki, BVN ta zo a 2014, daga baya masu POS suka cika kasuwar Ringim. A 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar laifukan intanet, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kuma ya riƙe ngCERT, cibiyar da ake kai wa rahoton kutse. A 2019 ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya zama shugaban NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, abin da ya faranta mana rai ƙwarai.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. Mutumin Ringim da bai taɓa ganin teku ba ya tsaya gaban mai POS, kuɗinsa na asusu, kati ya ƙi aiki. A shekarar ne Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sanya turakun sadarwa da wayoyin fayiba da rumbunan bayanai cikin kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Umarnin ya yi daidai, amma ya kamata a san yadda ɓarnar take a nan. Katafila mai aikin hanya ta datse fayiba, ɗan kwangila bai ma san tana wurin ba. Ɓarawo ya kwashe batir da man janareto a gindin turke. Damina ta yi ƙarfi, kogin Haɗeja ya tumbatsa, injiniya ya rasa hanyar isa. Sai kuma wanda ya fi damuna: akawu ya amsa kiran mai cewa daga banki yake, ya karanto masa lambar sirri da bakinsa.

Shi ya sa nake roƙon a fara bai wa ma'aikatar ayyuka taswirar inda fayiba ta bi kafin a ba da kwangilar hanya, a kuma horar da akawun ƙaramar hukuma da Hausa, tun da shi ke riƙe da albashin malamai da ma'aikatan asibiti.