Head Start: makarantun share fage na kyauta ga ƴaƴan talakawa a Amurka

Head Start shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da ke ɗaukar nauyin renon yara ƴan shekara 3 zuwa 5 daga gidajen marasa ƙarfi, da koyar da su, kafin su shiga makarantar firamare. Uwaye ba sa biyan ko tamma. Sunan, a harshen Ingilishi, yana nufin a bar mai tsere ya fara gudu kafin sauran. Shirin bai tsaya ga karatu ba, ya haɗa da abinci, da duba lafiya, da tallafa wa uwaye. A ƴan shekarun nan yana karɓar yara wajen 800,000 a kowace shekara, kuma kasafinsa na 2024 ya zarce dalar Amurka miliyar 12.

Asalin shirin

A watan Janairun 1964 shugaba Lyndon Johnson ya shelanta abin da ya kira yaƙi da talauci. Aka kafa ofishi na musamman ƙarƙashin Sargent Shriver, shi kuma ya nemi likitan yara Robert Cooke na jami'ar Johns Hopkins ya jagoranci kwamitin masana da za su tsara abin da za a yi wa ƙananan yara. Cikin kwamitin har da masana halayyar ɗan Adam Edward Zigler da Urie Bronfenbrenner. Kasancewar likita ne ya ja ragamar aikin na daga cikin dalilan da suka sa lafiya da abinci suka samu babban gurbi tun farko.

An fara ne a lokacin hutun makarantu na 1965, da zama na mako takwas kawai, wanda ya tara yara sama da rabin miliyan. Ba da jimawa ba aka gane mako takwas ba za su cike giɓin shekaru huɗu ba, sai aka riƙa mayar da shi na tsawon shekarar karatu. A 1969 shirin ya koma hannun ma'aikatar lafiya da ilimi da jin daɗin jama'a, kuma har yanzu ma'aikatar lafiya ce ke riƙe da shi, ba ta ilimi ba. A 1994 majalisar dokoki ta ƙara masa reshe mai suna Early Head Start, domin mata masu juna biyu da yaran da ba su kai shekara 3 ba.

Waɗanda ake ɗauka

Ma'auni na farko shi ne abin da gida ke samu a shekara. Gwamnati na fitar da iyakar talauci kowace shekara. A 2024, a yawancin jihohi, iyakar ga iyali mai mutum huɗu ita ce dalar Amurka 31,200, kusan miliyan 19 na kuɗin sefa. Adadin na da yawa a kunnen mutumin Maradi ko Damagaram, amma a Amurka kuɗin haya da na asibiti kan lashe mafi yawansa.

Ana kuma ɗaukar yaran da iyalinsu ba su da matsuguni, da waɗanda hukuma ta damƙa wa wani gida riƙo, da ƴaƴan masu karɓar tallafin gwamnati. Doka ta ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na gurabe ga yara masu naƙasa. Akwai rassa na musamman ga ƙabilun asali na ƙasar, da kuma ƴaƴan ƴan ƙwadagon gona masu bin girbi daga jiha zuwa jiha.

Abin da ake yi wa yaro

A aji ana koyar da magana da sauraro, da gane haruffa da ƙirga, da zama da sauran yara, galibi ta hanyar wasa da labari. Ajin ƴan shekara 4 ba ya wuce yara 20, na ƴan shekara 3 kuma 17, kuma manya biyu ne ke kula da kowane aji.

Cikin kwana 45 da shigar yaro dole a duba ganinsa da jinsa da yadda yake girma. Ana bin sawun rigakafinsa da lafiyar haƙoransa, in kuma aka ga wata matsala sai a haɗa iyalin da likita. Yaron da ke wuni a cibiya yana samun abincin da ya kai rabi zuwa biyu bisa uku na abin da jikinsa ke bukata a rana. Wasu iyalai kuma, musamman masu jarirai, a gida ake iske su: ma'aikaciya kan kai ziyara sau ɗaya a mako, ta zauna da uwa da ɗanta na tsawon awa ɗaya da rabi.

Kuɗi da shugabanci

Kuɗin na fitowa daga Washington kai tsaye zuwa ga masu gudanar da cibiyoyin, ba ya bi ta hannun gwamnatocin jihohi. Masu gudanarwar kan kasance ƙungiyoyin unguwa, ko hukumomin makarantu, ko ƙananan hukumomi. Tarayya na biyan kashi 80 cikin ɗari, sauran 20 kuma wurin ne ke kawowa, ko da kuɗi, ko da gini, ko da aikin sa kai.

Kowane mai gudanarwa na da majalisa wadda fiye da rabin mambobinta uwayen yaran ne, kuma tana da ta cewa kan kasafi da tsarin ɗaukar yara. Malamai da ma'aikata da dama uwaye ne da suka fara shiga cibiyar don kai ƴaƴansu. Dokar 2007 ta tsaurara sharuɗɗa: ta bukaci rabin malamai a faɗin ƙasa su kasance masu digirin jami'a, ta kuma buɗe hanyar karɓe cibiya daga hannun wanda ya gaza a miƙa wa wani.

Muhawara kan amfaninsa

Tun 1969 wani rahoto da kamfanin Westinghouse ya shirya ya ce ci gaban da yaran ke samu yana dusashewa bayan sun shiga firamare. Babban binciken da majalisa ta ba da umarnin yi, wanda ya bi yara kusan 5,000 tun daga 2002, ya samu abu mai kama da haka: ƴan Head Start sun fi takwarorinsu a ƙarshen shirin, amma kafin ƙarshen aji uku ratar ta kusa ɓacewa. Masu suka na kafa hujja da wannan. Masu kare shirin kuma na tuni da cewa da yawa daga cikin yaran da aka kwatanta su da su sun shiga wasu makarantun renon.

Binciken da ya bi yara har girma ya ba da wani sakamako dabam. A 2009 masanin tattalin arziki David Deming ya kwatanta ƴan gida ɗaya, wanda ya shiga da wanda bai shiga ba, ya ga waɗanda suka shiga sun fi kammala sakandare kuma ba su cika maimaita aji ba. A 2007 Jens Ludwig da Douglas Miller sun duba gundumomi 300 mafiya talauci da aka taimaka wa wajen buɗe cibiyoyi a 1965, suka ga mace-macen yara daga cututtukan da shirin ke ganowa sun ragu. Ke nan ribar ta fi fitowa a lafiya da tsawon zama a makaranta fiye da a makin jarrabawa.

Babbar matsalar shirin ita ce ƙarancin gurabe. Cika sharaɗi ba ya tabbatar wa yaro wuri, domin adadin ya dogara ga abin da majalisa ta ware a shekarar. Waɗanda ke samun shiga ba su kai rabin waɗanda suka cancanta ba, a ɓangaren jarirai kuwa wajen ɗaya ne cikin goma. Albashin malaman ya gaza na takwarorinsu na firamare, abin da ke sa da yawa barin aikin.

Yadda ya bambanta da tsarin Faransa

Amurka ta zaɓi ta ware talakawa ta yi musu hidima mai faɗi. Faransa kuwa ta buɗe makarantun renon yara na gwamnati kyauta ga kowa, kuma tun Satumban 2019 karatu ya zama dole daga shekara 3. Tsarin Faransa ba ya barin yaro a waje, na Amurka kuma ya fi shiga cikin lafiyar yaro da halin gidansu. Ƙasashen da suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, har da Nijar, sun yi alkawarin samar wa kowane yaro karatun share fagen firamare kafin 2030, kuma waɗannan hanyoyi biyu na cikin misalan da ake dubawa.