Majami'ar Bambur da Makarantar Lahadinta

Cocin Methodist ta shigo Nijeriya ta bakin teku ne, lokacin da Thomas Birch Freeman ya sauka Badagiri a 1842. Amma majami'ar da aka fi sani da wannan suna a ƙasashen da ke kudu maso gabas da Bauchi, wato ta ƙauyen Bambur a ƙasar Wurkun, ba daga wannan reshe ta tsiro ba.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka birane irin su Bauchi suka zama kusan a rufe ga 'yan mishan, sai suka karkata zuwa ga mutanen kan duwatsu. Wani Ba'amurke, C. W. Guinter, wanda ya iso Wukari a 1906 ƙarƙashin mishan ɗin SUM, shi ne ya kafa tashar Bambur a 1923 da sunan cocinsa, Evangelical. Daga nan aikin ya haura har Filiya ta ƙasar Pero, wadda take cikin Jihar Bauchi kafin a yanke Gombe a 1996.

Sunan Methodist kuwa daga baya ya zo, kuma a Amurka aka ɗaura auren. Cocin Guinter ta haɗe da United Brethren a 1946, sannan su biyun suka haɗe da Methodist a 1968. Daga baya mutanen Bambur suka samu sabon suna, alhali wa'azin da suke ji bai sake ba.

A ganina, abin da ya fi sauya ƙauyen shi ne makarantar Lahadi. Tun asalinta a Ingila, inda Robert Raikes ya yaɗa ta daga 1780, koyon karatu take haɗawa da koyon addini, domin a wurin waɗannan coci-coci ibada ba ta cika sai mutum ya buɗe littafi da kansa. To, wane littafi za a buɗe a ƙasar da kusan kowane dutse da harshensa? Amsar ta zo a 1932, da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko. Yaron da ya taso da harshen iyayensa sai ya haddace baƙaƙe da Hausa, ya rera waƙa da Hausa, in ya girma ya zama mai bishara ya koyar da ita a wani ƙauyen. Ga abin mamaki: harshen da mazauna duwatsu suka daɗe suna ji a bakin fatake da masu kai musu hari, shi ya zama harshen addu'arsu. Hausa ta ƙaru, ƙananan harsunan kuwa sun daɗe ba su samu shiga takarda sosai ba.

A 1992 cocin ta sami bishop ɗan ƙasa na farko, Done Peter Dabale. A 2024 kuma ta dare gida biyu, wani ɓangare ya koma Global Methodist, sakamakon saɓani kan matsayin uwar cocin game da auren jinsi.