Mutum Ɗaya, Sunaye Biyu: Tarihin Wani Ciwo Daga Ƙairawan Zuwa Gwaram

A ƙauyenmu na ƙasar Gwaram, Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana da sunaye biyu waɗanda ba ranar suna aka raɗa masa su ba. Idan abin ya motsa, sai a ce da shi mai iska. Yakan kwana uku idonsa biyu ba tare da gajiya ba, magana na tunkuɗe magana a bakinsa, yana lissafa motocin da zai saya da masallacin da zai gina. Wata shekara ya kora shanun huɗar gidan kasuwa, ya sayar, ya rabar da kuɗin kafin la'asar. Bayan 'yan makonni sai wutar ta mutu. Ya shige ɗaki, ya juya wa duniya baya, ko sallama ba ya amsawa, har damina ta wuce. A nan kuma sai a ce sammu aka yi masa. Na farkon a nema masa ruƙiyya da hayaƙi, na biyun a nufi wurin masu karya sihiri. Shekara goma sha biyar ana haka, babu wanda ya kawo a ransa cewa ciwo ɗaya ne mai fuska biyu.

Ban ga laifin dangina ba, domin ita kanta duniyar likitanci ta daɗe kafin ta tsayar da wannan magana. Tun zamanin daular Rum wani likita Bagirke, Aretayus na Kafadokiya, ya lura cewa matsanancin baƙin ciki da matsanancin zumuɗi sukan yi karɓa-karɓa a jikin mutum guda. A Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, birnin da ya ba mu Risalar da malamanmu ke karantarwa a zaure har gobe, likita Is'haƙ bn Imran ya rubuta littafi sukutum a kan ciwon baƙin ciki fiye da shekara dubu da suka wuce, yana ɗaukarsa cuta ta jiki mai dalili da magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Malaman fiƙihu kuwa sun bambanta haukan da ya zauna daram da wanda yake zuwa yana tafiya, suka ce abin da mai shi ya ƙulla a lokacin farfaɗowarsa ya ƙullu. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda littattafan shari'a suka ƙetaro Sahara suka iso gare mu, amma tsarin jinyar bai biyo su ba.

A 1854 wasu likitocin Faransa biyu, Falret da Baillarger, suka bayyana ciwon a matsayin cuta guda mai kewayawa, har suka yi ta jayayya kan wanda ya riga wani. Bajamushe Emil Kraepelin ya raba shi da sauran nau'o'in taɓin hankali a 1899. A 1949 John Cade na Ostareliya ya gano cewa gishirin litiyam yana kwantar da zumuɗin, kuma daga 1980 sunan baifola, wato mai ɓangare biyu, ya zauna a bakin likitoci.

Mu kuma a lokacin me ake ciki? Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan ajiye mahaukata a Yaba a 1907, suka kafa dokar hauka a 1916. Manufarta tsare mutum ce, ba warkar da shi ba. A Arewa, wanda ya gagari danginsa sau da yawa gidan yarin En'e yake ƙarewa, tare da ɓarayi. Wanda bai kai can ba, turu ko mari ke jiransa a gida. Haske ya ɗan ɓullo a 1954, sa'ad da Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar marasa lafiya a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta, kowane majinyaci tare da wani ɗan'uwansa, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya maimakon korarsu. A ganina, wannan dabara ta fi dacewa da rayuwar Bahaushe fiye da dogayen katangu. Sai dai dokar Turawa, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958, ita ta ci gaba da aiki har watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai amincewa da haƙƙin majinyaci da mutuncinsa.

Kawu bai jira wannan doka ba, kuma tsohuwar ba ta san da zamansa ba. Bayan sayar da shanun, aka kai shi wani gidan mari, ya yi wata bakwai. Ina ɗan shekara goma sha biyu na raka Inna dubiya. Na tuna ƙarar ƙarfen a ƙafarsa, da yadda ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ai na warke, ku tafi da ni." Gaskiya ya faɗa, domin zumuɗin ya riga ya sauka da kansa, kamar yadda ya saba. Masu gidan kuwa suka ɗauki saukar a matsayin aikin marinsu.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu cikin sarƙa. Ina jami'a a lokacin. Labarin ya hana ni barci, ya sa na fara karance-karance, har na ci karo da siffar Kawu a rubuce: zumuɗin da ke kai mako ko fiye, ƙarancin buƙatar barci, almubazzaranci, sannan baƙin cikin da kan kai wasu ga tunanin halaka kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a wannan shekarar. Na kai wa Inna maganar, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ka shawo kan manya."

Shawo kan manyan ya fi tafiyar wuya, ko da yake ita ma tafiyar ba wasa ba ce. Daga Gwaram sai Birnin Kudu, sai Wudil, a ratsa Kano, kafin a isa asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, a ɗaya ƙarshen Jigawa. Likitan ya shafe kusan awa guda yana tambaya, kuma tambayar da ta buɗe bakin kowa ita ce: shin mai shirun nan da mai surutun nan mutum ɗaya ne? Ya bayyana mana cewa ciwon yakan bi jini, yakan fara da ƙuruciya, rashin barci kan tayar da shi, kuma maganin rage baƙin ciki shi kaɗai yana iya tunzura zumuɗin. Bai hana mu addu'a ba. Abin da ya hana shi ne ajiye ƙwaya don an ga sauƙi.

Kawu ya taɓa ajiye ta sau ɗaya, a wata shekarar da kuɗin mota ya gagara, ciwon kuwa ya dawo. Yanzu shekara uku ke nan bai tashi ba. Ya mayar da shanu biyu, ɗaya da bashi. Har yau akwai gidajen da ba za su ba 'ya'yansa aure ba, kuma har yau, ko a tsakiyar zafin bazara, ba ya fita kasuwa sai da safa, saboda tabon da ke idon sawunsa.