Kwandon sayayya: tsakanin fayil da rumbun bayanai

A shekarar 1994 kamfanin sadarwa na MCI a Amurka ya je wa kamfanin Netscape da wata buƙata. Yana son a gina masa kasuwa a intanet, amma ba ya son kwamfutocinsa su ɗauki nauyin tuna abin da kowane mai saye ya jefa a kwando kafin ya biya. Wani matashin injiniya na Netscape, Lou Montulli, shi ya samo mafita: ɗan guntun rubutu da shafi zai bari a burauzar mai ziyara, wanda ake kira kuki. Kuki ya warware matsalar gane wane ne ya dawo. Inda za a ajiye odar kanta kuwa, aka bar wa masu rubuta manhaja su san yadda za su yi.

Yawancinsu fayil suka nufa. A wancan zamani da yaren Perl ake rubuta shagunan, kuma rumbun bayanai irin na Oracle sai mai hannu da shuni. Kowace oda layi ɗaya ce a fayil: suna, adireshi, lambar kaya, adadi, farashi, an raba su da 'yar sandar nan ta tsaye. Mai shago zai iya buɗe fayil ɗin ya karanta da idonsa, ya kwafe shi ya adana. Har yau tsofaffin 'yan wannan sana'a na yabon wannan sauƙi, kuma ba laifinsu.

Matsala tana fara kunno kai ne idan oda ta yi rassa. Mutum ya sayi riguna uku, kowace da launinta da girmanta, ɗaya da rangwame, biyu za a kai gidansa, ɗaya kyauta ce ga ƙanwarsa a wani gari. Ina layi ɗaya zai ɗauki wannan? Sai a ƙara wata alama cikin alama, waƙafi cikin sanda. Ranar da wani ya rubuta waƙafi a adireshinsa, lambar gida ta koma gurbin farashi. Wadda ta fi wannan muni ita ce mutum biyu su danna biya a daƙiƙa guda. Kamar yaran shago biyu ne suna rubutu a layi ɗaya na littafin ciniki: in ba a kulle fayil da umarnin flock ba, odar ɗaya ta shafe ta ɗaya, kuma babu wanda zai sani sai mai kaya ya kira yana faɗa.

Ga kuma tsaro. A 1999 aka gano shaguna da dama sun bar fayilolin odarsu, har da lambobin katin kuɗi, a inda kowa zai iya buɗewa in ya san sunan fayil.

Rumbun MySQL da yaren PHP, waɗanda ba a biyan ko kwabo a kansu, su suka sauya lissafin. Manhajar osCommerce, da Harald Ponce de Leon ya fara a Jamus a 2000, ta yaɗa tsarin da ya zama ruwan dare: tebur guda na oda, wani na kayan da ke cikinta, wani na launi da girma, wani na jimillar kuɗi. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Injin MyISAM da MySQL ke zuwa da shi a lokacin bai san ƙa'idar nan ta ko a rubuta duka ko a fasa duka ba. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, sai a sami oda babu kaya a cikinta. Injin InnoDB, mai wannan ƙa'ida, bai zama zaɓin farko ba sai a MySQL 5.5, a 2010. Shi kuwa kwandon baƙo, sau da yawa a fayil yake kwana, domin a nan PHP ke ajiye bayanan ziyara in ba a sauya masa ba.

Amazon ce ta fito da bambancin kwando da oda fili. Bayan wahalar da rumbunanta suka sha a cinikin ƙarshen shekarar 2004, injiniyoyinta suka gina rumbun Dynamo, suka bayyana shi a 2007. Sharaɗinsu shi ne kada kwando ya taɓa ƙin karɓar kaya, ko da wasu kwamfutoci sun mutu. In aka sami kwafi biyu sun saɓa, sai a haɗe su. Sun yarda da abin da zai biyo baya: wani lokaci kayan da mutum ya cire zai sake bayyana. A kwando wannan ƙaramin abu ne, mai saye zai sake cirewa. A odar da aka riga aka biya, asara ce da rigima.

Shiga rumbu kaɗai ma bai isa ba. WooCommerce, wadda ta fito a 2011, ta yi shekaru tana ajiye oda a teburin da WordPress ke ajiye maƙaloli, kowane bayani a layinsa daban, har oda ɗaya ta watse a layuka da dama, manyan shaguna suna tafiyar hawainiya. Sai a 2023 teburori na musamman suka zama abin da sabon shago ke farawa da su.

Abin mamaki, tsarin fayil ya dawo ta bayan gida. Tun 2014 PostgreSQL ke da JSONB, wanda ke ba da damar cusa oda sukutum, da duk rassanta, a gurbi ɗaya na tebur. Da yawa yanzu haka suke yi: kuɗi, adadi da matsayin biya a ginshiƙan da rumbu ke tsarewa, zaɓuɓɓukan kaya a JSON, farashi kuma a kwafe shi kamar yadda yake ranar ciniki. Fayil na nan da aikinsa wajen rasit da fitar da lissafi ga akanta. Amma duk shagon da mutum biyu za su iya biya a lokaci guda, odarsa rumbun bayanai take buƙata.